Gyaran Ginshiƙin Manhaja Aikin Masana Harshe Ne

Ɗalibin da ya je Maine-Soroa tattara kalmomin Manga, karin harshen Kanuri na yankin, ya kan dawo da littafi cike da rubutu, amma wahalarsa ba ta farawa sai ya buɗe kwamfuta. Ƙa'idar rubutun Kanuri da Nijar ta amince da ita a 1999 tana amfani da haruffan ǝ da ɍ. Shi ɍ bai sami gurbi a tsarin Unicode ba sai 2006. Shi kuwa ǝ yana da ɗan kama, wato ə na rubutun furuci, kuma ido ba ya bambanta su. Kwamfuta kuwa tana ɗaukar su haruffa biyu, kowanne da lambarsa da babban baƙinsa. Idan ɗalibi ya yi amfani da wannan yau, gobe ya yi amfani da wancan, bincike zai ɓoye masa kalmomin da suke zaune cikin kundinsa.

Ana yawan zaton maganin irin wannan matsala shi ne fassara manhaja zuwa harsunan gida. Fassara tana da amfani, sai dai ba ita ce farko ba. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yadda aka gina manhajar daga ciki.

Misali, mai rubuta manhaja da Ingilishi ya kan kafa saƙo ta hanyar liƙa guntaye: lamba tukuna, sannan suna. A Hausa suna ke gaba, lamba ta biyo, kamar a ce fayil uku. A Kanuri aikatau kan zo a ƙarshen jimla. Matuƙar an kulle jerin kalmomin Ingilishi cikin umarnin manhajar, ko gwanin fassara ba zai iya fitar da jimla mai kyau ba. Haka ma jerin abacada: a Hausa ɓ na bin b, ƙ na bin k, sh da ts kuma kowanne baƙi guda ne. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Manhajar da aka gina da hankali tana ajiye waɗannan ƙa'idoji a fayil na daban, inda masanin harshe zai iya gyara su ba tare da ya koyi rubuta umarni ba.

Tarihin LibreOffice ya tabbatar da haka. Da aka kafa shi a 2010, ya gaji tagogin saƙo masu ƙayyadadden faɗi, waɗanda doguwar fassara ke cika su har ƙarshenta ya yanke. Masu aikin sun shafe shekaru suna sake gina ɗaruruwan tagogi domin su riƙa buɗewa daidai da tsawon rubutu, suka kammala a fitowa ta 4.4 a 2015. A fitowa ta 6.0 a 2018 kuma suka mayar da fassarorin kan tsarin gettext, wanda masu fassara da yawa suka riga suka sani. Mai amfani bai ga sabon maɓalli ba, amma kowane harshe da ya zo daga baya ya tarar da hanya a share.

Akwai masu cewa wannan aiki jinkiri ne, gara a ba mutane abin da za su gani yanzu. Hujjarsu tana da nauyi, domin ƴan sa-kai kaɗan ne, lokacinsu ma kaɗan ne. Amma wanda ya ɗora daɓe a kan ginin da tushensa ya tsage, damina ɗaya za ta nuna masa kuskurensa. Jihar Diffa kuma tana da Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Larabci da Hausa. Gyara guda a tushe zai amfani biyar ɗin, faci kuwa sai an maimaita shi sau biyar. Ga shi a ƙauyukan bakin Komadugu ba kullum ake samun intanet ba, don haka manhajar da ke aiki a kan kwamfuta ita kaɗai, irin su FieldWorks da ELAN da Praat, ita ce abin dogaron mai bincike.

Duk waɗannan buɗaɗɗu ne, kowa na iya kai rahoton matsala. Mai rubuta manhaja a Turai ko Amurka ba zai gane cewa ǝ da ə suna rikita kundin Manga ba sai an faɗa masa. Ya dace sassan nazarin harsuna su koyar da rubuta irin wannan rahoto: a ambaci harafin da lambarsa, abin da aka yi tsammani, da abin da ya faru. Ɗalibin da ya iya bayyana tsarin jimlar Kanuri a kundin digirinsa zai iya bayyana shi cikin layi goma ga wanda ke riƙe da umarnin manhajar.