Arewa Na Auna Fasaha da Girman Ƙarfe

A shekarar 2007 kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da hannunsa. Injin tsohuwar mota Honda Civic ya sa masa, kujerun kuma daga wata tsohuwar Toyota ya ciro su. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai ba. Babu mai adalcin da zai raina wannan ƙoƙari. Abin takaici shi ne darasin da jama'a suka ɗauka daga ciki, wato cewa fasaha abu ce mai girman jiki da ƙara, wadda ke tara 'yan kallo. Tun daga lokacin labarin ya zama kamar waƙar da aka haddace. Wani haziƙin matashi ya ƙera mota ko jirgi, a ɗauki hoto, a baza a Facebook, wani ɗan siyasa ya miƙa ambulan, bayan mako biyu kowa ya koma harkarsa. Ba a cika jin wanda ya tambaya ko an ƙera na biyu ba.

To, a ƙaddara wani yaro ne ɗan aji biyar na sakandare a Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ya shafe wata uku yana fama da wani abu da bai fi tafin hannu ba: ɗan allo mai zanen jan ƙarfe, da sikirin ɗin matacciyar wayar Nokia, da madannai shida. Ya kunna, maciji ya fito yana bin ƙwaya. Mahaifinsa zai ce ya girma da wasa, ga kuma aiki jibge a gonar rake. Wannan uzurinsa a fili yake, domin bai san abin da ke cikin allon ba. Wanda ba shi da uzuri shi ne kawun yaron mai digiri biyu, da ya zo hutun ƙarshen mako daga Kaduna, ya jujjuya abin a hannu, ya yi murmushi, ya ce ai irin wannan gem ɗin 'yan Sin sun daɗe da cika kasuwa da shi, gara ya mai da hankali kan jarrabawar JAMB. Wannan kawu ya yi kuskure, kuma irin kuskurensa ya fi na uban tsada, saboda maganarsa ce ake ɗauka a matsayin ta masu ilimi.

Sai an buɗe cikin na'urar kafin a gane girman kuskuren. Kafin macijin ya motsa, dole yaron ya zana taswirar yadda wuta za ta bi, daga batir zuwa ɗan cif ɗin da ke matsayin ƙwaƙwalwa, daga nan zuwa sikirin da madannai. Batirin litiyom, irin wanda ake cirowa daga tsohon batirin kwamfutar cinya, yana kai wa bolt 4.2 idan ya cika, alhali yawancin irin waɗannan cif bolt 3.3 suke so; sai ya koyi yadda ake rage wutar ta tsaya cak, da yadda ake kare batirin kada caji ya wuce kima ya kumbura ko ya kama da wuta. Madanni kuwa, da ake gani kamar babu abin da ya fi shi sauƙi, yana da nasa makircin. Idan aka danna shi sau ɗaya, ƙarafan da ke ciki sukan taɓa juna su rabu sau da yawa cikin ƙiftawar ido, cif ɗin ya ɗauka an danna sau biyar. Duk wanda ya warware wannan matsala da kansa ya fahimci wani abu game da lantarki da ba a samu daga haddar littafi.

Daga nan sai allon kansa. Akwai manhajar zane ta kyauta mai suna KiCad, wadda aka fara tun 1992 a Faransa. Da ita ake shimfiɗa hanyoyin jan ƙarfe yadda ba za su ƙetare juna ba, aikin da ya yi kama da fitar da kwatamin unguwa mai lungu-lungu. A buga zanen a takarda mai sheƙi da firinta mai amfani da garin tawada, a kifa ta a kan allo mai rufin jan ƙarfe, a danne da dutsen guga har tawadar ta manne, sannan a tsoma a ruwan sinadarin da ke cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba. A huda ramuka, a narka dalma, a liƙa kowane ɗan ƙarfe a mazauninsa. Wanda ya samu hali kuma yana iya tura zanen ta intanet zuwa masana'antun birnin Shenzhen, su buga masa allo biyar a kan 'yan daloli kaɗan, ko da yake kuɗin aikowa kan ninka na bugawar. Bayan duk wannan ne za a zo ga rubuta manhajar wasan a cikin wurin da bai kai hoton waya guda ɗaya ba. Arduboy, wata na'urar wasa mai girman katin banki da Kevin Bates ya ƙera a Amurka, cif ɗinta kilobait 32 kacal yake ɗauka na manhaja, amma mutane sun rubuta mata ɗaruruwan wasanni.

Me ya sa sai gem, ba wani abu mai amfani ba? Saboda gem ba ya rufa wa mai shi asiri. Aikin kammala karatu da ɗalibi ya kai gaban malamai yana iya aiki na minti biyar ranar gwaji, a ba shi maki, a ajiye shi a kabad ya yi ƙura. Gem kuwa hannun ƙane zai faɗa, wanda ba ya jin kunyar kowa. Idan madanni ya yi nauyi zai faɗa, idan batir ya ƙare cikin rabin sa'a zai wurgar, idan dalma ba ta kama da kyau ba faɗuwa ɗaya za ta tona. Samun mai gwaji marar tausayi irin wannan, a kyauta, kullum, gata ne da manyan kamfanoni ke biyan kuɗi kafin su samu.

Tarihin sana'ar ma yana bayan yaron. Kamfanin Nintendo na Japan da katin karta ya fara a 1889. Gunpei Yokoi, wanda ya jagoranci ƙera Game Boy, a 1965 aka ɗauke shi aikin kula da injinan buga katin. Wani abin wasa mai miƙewa kamar hannu da ya haɗa don nishaɗin kansa ne ya ja hankalin shugaban kamfanin. Maimakon a tsawata masa kan ɓata lokacin aiki, sai aka ce ya gyara shi a kai kasuwa, aka kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya. Aƙidar Yokoi ita ce a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi araha a nemo mata sabon aiki. Da Game Boy ya fito a 1989, sikirin ɗinsa ba shi da kala, batir huɗu yake ci ya daɗe, alhali abokin hamayyarsa Game Gear na kamfanin Sega, mai kala, yana lanƙwame batir shida cikin 'yan sa'o'i. Marar kalar ne ya yi nasara. Shi da magajinsa Game Boy Color an sayar da sama da miliyan 118. Idan akwai aƙidar ƙira da ta dace da garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙo, to ita ce wannan. Haka nan Ken Thompson, a 1969, wani wasan kwamfuta da ya rubuta ne ya kai shi ga wata na'ura da aka yi watsi da ita a ɗakin binciken Bell, a kanta kuma ya fara gina Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, wanda kuma yake ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihun kawun nan.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Gaskiya ne gidajen gem sun cinye wa yara da yawa lokacin makaranta da na Islamiyya, wasu ma daga nan suka zarce cacar ƙwallo. Iyayen da ke jin tsoron kalmar gem ba su yi laifi ba. Sai dai mai zaman gidan gem kuɗi yake biya a nishaɗantar da shi, mai ƙera gem kuwa sa'o'insa a kan mita da dalma suke ƙarewa, har ya kan gaji da wasan kafin ya gama haɗa shi. Haɗa su a ma'auni ɗaya daidai yake da haɗa maƙeri da ɗan tauri don dukansu suna riƙe da wuƙa.

Gaskiya ne kuma cewa cif da sikirin daga waje suke zuwa, kuma na'urar Hunkuyi ba za ta taɓa yin gogayya da ta Sin a farashi ba. Duk wanda ya ce wa yaron zai yi arziki da sayar da ita yaudararsa yake. Amma telan da ke ɗinka shadda ba shi ya saƙa ta ba, ba a kuma taɓa cewa ɗinki ba sana'a ba ce. Abin da ke saura bayan an gama na'urar shi ne mutumin da ya iya karanta taswirar lantarki, ya zana tasa, ya gano inda wuta ta maƙale.

Ikara da Maƙarfi da Kudan kuwa suna da buƙatar wannan mutumin fiye da yadda suke da buƙatar jirgi. Yanki ne na noman rani, na tumatir da attarugu da albasa, na rake da mazarƙwaila. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, manoman fadama da dama suka fara karkata ga injin ban ruwa mai aiki da sola, shaguna da masallatai da asibitocin karkara suka rungumi inbata. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da allon lantarki a cikinsa, kuma ranar da allon ya ƙone, abin da aka saba shi ne a ɗauka zuwa Zariya ko Kano, ko a sayi sabo dungurungum, alhali shuka na jiran ruwa. Abin da ke kunna famfo idan ƙasa ta bushe ya kashe idan ta jiƙe, ko mai lura da zafin rumfar busar da tumatir, cif ɗaya ne da na gem ɗin, rage wuta iri ɗaya, sikirin da madannai iri ɗaya; a gaskiya ma ya fi gem sauƙin rubutawa. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, da aka kafa a farkon shekarun 1980, ya shafe shekaru a rufe. Dalilan rufewarsa suna da yawa, amma ya isa misali cewa kafa babban inji a gari ba shi ne dasa fasaha a garin ba.

Ba yau aka fara wannan tuntuɓe ba. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa ƙananan sakandare. A makarantu da yawa ba a ma buɗe akwatunan ba, don babu wuta, babu malamin da ya iya. An sake auna fasaha da nauyin ƙarfe. Yau kayan da ake buƙata sun koma abin da zai shiga jakar makaranta: Arduino da aka fara a Italiya a 2005, ko Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 a kan dala huɗu, da mita, da ƙarfen narka dalma, da ƙaramin faifan sola. Malaman ma ba sai an je nesa ba. Masu gyaran waya na PZ a Zariya da na Farm Centre a Kano suna cire cif mai ƙafafu sirara kamar gashi su mayar, aikin da injiniyoyi da yawa masu takarda ba za su iya ba. Abin da yawancinsu suka rasa shi ne ilimin zana allo daga farko, wanda ke kwance a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli, tafiyar da ba ta kai yini ba daga kowane ɗaya cikin garuruwan uku. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta riga ta nuna cewa haɗin zai yiwu, da ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka don ba su shaidar ƙwarewa. (A gefe guda, aiki ne na tebur da nutsuwa da kaifin ido, wanda ake yi a cikin ɗaki, yarinyar da ta iya ɗinkin hula babu abin da zai hana ta iya liƙa dalma.)

Yaran waɗannan garuruwa ba a taɓa koya musu son ƙira ba, da shi suke tasowa. Su ne masu motar kara da motar gwangwani mai tayar silifa, wasu har da fitila daga tsohuwar tocila. Wajen shekara goma sha biyu ake fara ce musu sun girma, kuma daidai nan ne ya kamata a miƙa musu mita. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, waɗanda 'yan boko ke jagoranta, sukan tara kuɗi su buga kalanda ko su shirya walimar karrama wanda ya samu muƙami. Kuɗin walima ɗaya zai sayi kayan aikin yara ashirin, ya kuma biya wani mai gyaran waya da wani ɗalibin injiniya su riƙa zuwa Maƙarfi kowace Asabar har zango guda. Sharaɗin da za a gindaya wa yaran shi ne kowa ya ƙera na'urarsa sau biyu daga zane ɗaya, ta biyun ta yi aiki kamar ta farkon, sannan ya bar zanen a makaranta don 'yan ajin da ke biye da shi.