DMX da motar wasa: ƙato ma yana buƙatar filin wasa

Ƴan uwa matasa, in aka ce DMX, abin da ke faɗo wa yawancinmu shi ne muryar nan mai kaushi, da haushin kare, da gidan kaso. Ni kuwa abin da na fi so mu tuna shi da shi wani abu ne da ake yi wa dariya: mutumin nan yana mutuwar son motocin wasa, irin waɗanda ake tuƙawa daga nesa da telekomandi. Yana sayen su, yana yawo da su, in ya samu fili sai ya sauke su ya yi ta tsere kamar ɗan shekara goma.

Sunansa na yanka Earl Simmons. An haife shi a 1970, ya tashi a Yonkers, kusa da birnin New York na Amurka. A 1998 kaɗai ya fitar da album biyu, kowane ya hau lamba ɗaya a ƙasar. Ya rasu ranar 9 ga Afrilu 2021, yana da shekara 50. Amma kafin duk wannan, yaro ne da ya sha duka a gida, aka kai shi gidan renon yara, ya kwana a titi tare da karnukan da ba su da mai su. Da bakinsa ya faɗa cewa yana ɗan shekara 14 wani babba da ya yarda da shi ya miƙa masa tabar da aka haɗa da hodar ibilis. Daga nan ƙwaya ta riƙe shi har ƙarshen rayuwa.

To a ganina, wannan ƴar motar ba shirme ba ce. Yarintar da aka ƙwace masa ce yake biyan kansa bashinta. Wanda rayuwa ta yi ta jan sa yadda ta ga dama, ga abu guda a hannunsa da in ya ce dama ya yi dama, in ya ce hagu ya yi hagu.

Mu dawo Yamai. Wa cikinmu bai ja motar kara ba, ko ta waya, ko ta gwangwanin madara mai tayar tsohon silifa? Mu ne injiniyoyi, mu ne direbobi. Sai ran da gemu ya fara tsiro a ce maka: “Kai, ka girma, bar shiririta.” An karɓe wasa, ba a ba ka aiki ba. Me ya rage? Fada, shayi zagaye uku, waya a hannu, wani kuma ya zarce ga tramol. Ba fada nake zagi ba, can muke samun juna. Amma zuciyar da ba ta da abin yi, ita ke nemo wa kanta abin da zai kashe ta.

Ku dubi Gaweye. Bakin kogi, ga otal, ga Palais des Congrès, ga gadar Kennedy, wuri ne na manyan baƙi da manyan taruka. Madalla. Amma a unguwanninmu fa? Kowane fegi an kewaye shi, kowane fili an yi masa shago. Yaro na buga ƙwallo tsakanin motoci da ƴan kabu-kabu.

Wani zai ce: “Ana ta shinkafa, kai kana ta motar wasa?” Gaskiya ne, yunwa ba ta jira. Kuma motar ba ta ceci DMX ba. Sai dai wasa ba ya cin abincin kowa, kuma yaron da ya kwance ƙaramar mota don ya ga yadda batir ke juya taya, ya riga ya sa ƙafa a hanyar kanikanci da lantarki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƴan rap ɗinmu, tun zamanin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia, sun koya mana faɗin gaskiya ga masu mulki. Ga wata gaskiyar da za mu kai mairi: a bar wa kowace unguwa fili, a rubuta shi, kar a sayar. Mu kuma a fadarmu, in ƙane ya zo da motar wayarsa, kar mu kore shi. Mu matsa masa tabarma, mu tambaye shi yadda ya haɗa sitiyarin.