Mai Keke Ma Da Haƙƙinsa a Titi

Tun ranar 29 ga Janairun 2022 Birtaniya ta gyara ƙa'idojin tuƙinta, ta ce wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyaye na ƙasa da shi. Direban babbar mota ya kula da ƙaramar mota, mai mota ya kula da mai keke, mai keke kuma ya kula da mai tafiya a ƙasa. Mun yaba da wannan tsari.

Direbobi da dama sun yi ƙorafi. Sun ce masu keke na tsallake jar danja, kuma ba su da lambar da za a kama su da ita. Ƙorafin na da tushe, duk wanda ya karya doka a hukunta shi. Amma idan aka yi karo, mai mota fenti ne zai goge masa, mai keke kuwa ƙashinsa ne zai karye.

Shi ya sa aka buƙaci direba ya bar tazarar aƙalla mita 1.5 idan zai wuce keke. An kuma shawarce shi ya riƙa buɗe ƙofa da hannun da ke nesa da ita, domin jikinsa ya juya ya hango mai tahowa ta baya kafin ƙofar ta make shi.