Kafin a Saya wa Makaho Kayan Situdiyo, a Fara Kashe Allon Kwamfuta

Daga Kasuwar Daji zuwa Ƙaura Namoda, har Zurmi da Shinkafi, ba a yi wa kowa bayanin darajar waƙa. Ƙasar Ibrahim Narambaɗa Tubali ce, ƙasar Kassu Zurmi ce, mutanen da suka gina sana'arsu a kan kunne da harshe da ƙwaƙwalwa. A wancan zamani rashin ido bai hana kowa shiga fagen ba. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma har yau ana rera Imfiraji. Yau kuwa waƙa sai ta ratsa ta kwamfuta kafin ta kai kasuwa, kuma a nan ne ake tare makaho a bakin ƙofa. Masu tare shi, sau da yawa, su ne masu cewa taimakonsa suke yi.

Tsakanin makirufo da kwamfuta akwai wani ɗan akwatin sauti da ke mayar da murya lambobin da kwamfuta ke ganewa. A jikinsa ake daidaita ƙarfin shigar murya, a jikinsa ake kunna wutar bolt 48 da makirufon situdiyo ke buƙata. Mai gani yana aiki da fitilu: kore lafiya, ja murya ta fashe. Makaho yana aiki da yatsa da kuma manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo. Idan akwatin bai bar wa yatsa alama ba, kuma manhajarsa ba ta magana da mai karanta allo, to an sayo masa abin da sai ya kira wani kafin ya taɓa.

Abin takaicin shi ne, ɓangaren da ya fi wuya tuni aka warware shi. Manhajar NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, kyauta ce. Abokin aikinsa James Teh, shi ma makaho, ya samar da OSARA, ƙarin da ke sa manhajar haɗa sauti ta REAPER ta riƙa faɗa wa mai aiki inda yake da abin da ya canza. Cobhams Asuquo, wanda aka haifa ba ya gani, shi ya haɗa kundin Asa na 2007 da ya zagaya duniya. Saboda haka tambayar ko makaho zai iya riƙe situdiyo ta daɗe da samun amsa. Abin da ya rage kawai shi ne mai saye ya yi tambaya kafin ya biya.

Tambayoyin ba su da yawa. Shin mamurɗin ƙarfin murya yana da farko da ƙarshe, da tsagi da yatsa zai ji, ko yana ta juyawa ne ba iyaka? Shin maɓallin bolt 48 yana nutsewa ya zauna, ko fitila kaɗai ke shaida an kunna shi? Shin akwai saitin da ba a kai gare shi sai ta manhaja, kuma manhajar tana karantuwa? Shin za a iya ware muryar mai karanta allo zuwa abin kunne, don kada ta kutsa cikin waƙar da ake ɗauka? Ƙananan akwatunan Behringer na jerin UMC, masu sauƙin kuɗi, kusan komai nasu a jiki yake, ana lalubawa. Focusrite kuma, a jerin Scarlett da ya fitar a 2023, ya zo da manhaja mai aiki da masu karanta allo, kuma wasu samfuran suna daidaita ƙarfin murya da kansu. Tsada ba ta nuna wanda ya dace: akwati mai allon shafawa zai iya ninka waɗannan kuɗi, ya kuma zama dutse a hannun makaho.

Za a ce ai yana da ɗan jagora, yaron ya riƙa duba masa fitilun. Wannan magana ta jahilci yadda kuɗi ke gudana a sana'ar. Mai rera waƙa biya yake yi; wanda ke zaune gaban kwamfuta shi ake biya, a kan waƙar biki, da tallar ɗan kasuwa, da naɗar karatun malamai, da waƙar siyasa. Makahon da ba ya iya ɗaukar murya sai an tsaya masa, rabin kuɗinsa da dukan sirrin aikinsa suna hannun wani. An raba shi da ƙoƙon bara, an bar shi da roƙo.

Za a kuma ce yankin da ke fama da 'yan bindiga ba shi da lokacin wannan zance. Halin yankin ne ma ya sa kuskuren ya fi tsada. Wanda ya sayo kaya daga titin Beirut a Kano ko daga Alaba a Legas ba zai sake kama wannan hanya don kawai ya musanya akwati ba. Kuma mutanen da suka ga yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 sun san cewa na'urar da ba ta aiki sai an sauko da manhaja daga intanet amanarta kaɗan ce. A irin wannan wuri, cinikin biri a sama asarar jari ce gaba ɗaya.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi maganar gine-gine da sufuri da guraben aiki. Ba za ta tsaya a kanti ta zaɓa wa kowa akwati ba. Wannan nauyi yana wuyan masu rubuta takardun sayayya: jami'an shirye-shiryen tallafi, da 'yan siyasa masu raba kayan sana'a, da ƙungiyoyin agaji, da makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, duk ranar da za su sayi kayan koyar da aikin sauti.

Gwajin da ya kamata a ɗora musu ba ya cin ko sisi. A kashe allon kwamfuta, a zaunar da wanda za a bai wa kayan, a bar shi ya jona makirufo, ya daidaita murya, ya ɗauki minti ɗaya, ya saurara, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. In ya iya, a biya. In ya kasa, laifin na akwatin ne, a mayar wa mai kanti kayansa.