Direbobin Gummi Na Buƙatar Turancin Hanya

Direban da ya ɗauko fasinja daga Gummi ya bi ta Daki Takwas zuwa Anka, ko ya miƙe har Gusau, da Hausa yake ciniki, da ita yake gaisawa da 'yan kamasho. Amma lasinsa, takardun motarsa, inshora da allunan gefen titi duk da Turanci aka rubuta su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ma da Turanci take rubuta takardar tara. Wanda bai iya duba ranar ƙarewar lasinsa ba, sai an tare shi a shinge zai sani, kuma a nan ake tatsar sa. Don haka ya kamata ƙungiyar direbobi ta ware ɗan lokaci a tasha, a koya wa yaran mota da 'yan acaɓa kalmomin da suka shafi sana'arsu, wato na alamun hanya, kwanan wata, rasit da sunayen takardu.

Za a ce ai Hausa ta isa, tunda ko a Legas akwai 'yan'uwa a Agege da za su yi wa baƙo jagora. Haka ne, sai dai ɗan'uwan ba ya tsaye a shingen Lakwaja da tsakar dare. Wasu kuma za su ce direba ba shi da lokacin makaranta. Ba makaranta ake nufi ba. Jiran lodi kaɗai yakan cinye awanni, kuma malamin firamare ɗaya da allo ya wadatar.