Lambar da ke kan agogo ba ita ce hukuncin likita ba

Ba wanda zai musa amfanin na'urorin auna lafiya da ake sawa a jiki. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott ɗan faifai ne da ake mannawa a bayan dantse, da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, ya yi ta auna sukari har kwana 14. Mai ciwon sukari da ya gaji da huda yatsa safe da yamma shi ya san darajar wannan.

Abin tsoron shi ne lamba tana da kwarjini. Da zarar ta fito a allo, mutum ya daina tambaya.

A 2020, lokacin da korona ke tsananta, masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka duba na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin a jini. Haske take harbawa ta cikin yatsa, duhun fata kuwa yana shanye wani ɓangare na hasken. Suka gano cewa na'urar kan nuna komai lafiya alhali iskar ta yi ƙasa matuƙa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata da kusan ninki uku a kan farar fata. Majinyaci na neman numfashi, na'ura na cewa ba komai. Agogunan zamani ma da haske suke auna bugun zuciya, mu kuwa mun san launin fatarmu.

Wanda ya fi wannan muni shi ne agogo ko zobe da ake tallatawa a intanet cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito fili ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba, ta gargaɗi jama'a su guje su. Dalilin a bayyane yake: wanda ya dogara da lambar bogi ya ƙara allurar insulin, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, wani ma ya rasa ransa.

Ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta sa ido kan irin waɗannan kaya da ke shigowa kasuwanninmu. Kai kuma mai ciwon sukari, kada ka rage ko ka ƙara magani saboda abin da agogo ya nuna maka, sai ka tabbatar da gwajin jini.