Keke ya gajarce hanya, haya ta nisanta gida

Ranar 15 ga watan Yuli 2007, magajin garin Paris na lokacin, Bertrand Delanoë, ya buɗe tsarin kekunan haya na jama'a da aka raɗa wa suna Vélib'. An fara da tashoshi 750, da nufin a kai ga tasha guda a kowace tazarar mita 300. Mutum ya zare keke a tashar da ke kusa da shi, ya yi tafiyarsa, ya maƙale shi a wata tashar inda ya sauka. A lokacin, kuɗin shekara yuro 29 ne, wato wajen jikka 19 na sefa, kuma minti 30 na farkon kowace tafiya ba a biyan komi.

Watanni huɗu kafin wannan biki, ranar 5 ga watan Maris, ƙasar Faransa ta kafa wata doka da ake kira DALO, wadda ta ba wanda ya rasa muhalli ikon kai gwamnati ƙara gaban alƙali. Dokar ta biyo bayan tantunan da aka kakkafa wa marasa gida a bakin mashigin ruwa na Saint-Martin a watan Disamba 2006, abin da ya kunyata mahukunta ana dab da zaɓen shugaban ƙasa. Ke nan a shekara guda an yi wa talakan Paris alkawari biyu: abin hawa da wurin kwana. Na farko an cika shi cikin ƴan watanni. Na biyu kuwa, har yau iyalai da dama na riƙe da takardar da ta tabbatar musu da haƙƙinsu, amma babu makulli a hannu.

Adalci ne a fara da yaba wa keken. Birnin Paris kansa ƙarami ne, murabba'in kilomita 105 kawai, kuma mafi yawansa shimfiɗe yake. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci yana iya ratsa rabinsa kafin minti 30 su cika. Ko da tsarin ya yi tuntuɓe a 2018, lokacin da aka karɓe shi daga kamfanin JCDecaux aka miƙa wa Smovengo, tashoshi suka yi watanni ba sa aiki, daga baya ya miƙe, har da kekuna masu lantarki. Ga mai neman ɗakin haya ma yana da amfani, domin a Paris ɗakin da aka yi tallarsa da safe kan samu mai shi kafin magariba, kuma wanda ke bisa keke yana iya duba ɗakuna uku ko huɗu a yini guda.

Sai dai isa da wuri ba shi ne samu ba. A ƙofar ɗakin, mai nema zai tarar da layin mutane a kan matakalar bene, kowa rungume da dosiyensa. Al'adar masu gidaje ita ce su nemi wanda albashinsa ya ninka kuɗin haya sau uku, da takardun albashi na watanni uku na baya, da takardar lanho, da kuma wani mai tsaya masa wanda zai biya idan ya kasa, galibi mazaunin Faransa. Attajirin Maraɗi mai kantuna da manyan motoci ba zai iya tsaya wa ɗansa ba, don dukiyarsa ba ta da takardar albashi. Tun 2016 akwai wani tsarin lamuni mai suna Visale da ke tsaya wa matasa, amma ba dole ba ne mai gida ya yarda da shi. Abin da ake wannan layi a kansa kuwa, sau da yawa tsohon ɗakin ƴan aiki ne a hawa na shida, ƙarƙashin rufi, da makewayi na tarayya. Dokar 2002 ta ce kada ɗakin haya ya gaza murabba'in mita 9, wato mita uku tsawo, mita uku faɗi. A 2019 farashin sayen murabba'in mita ɗaya a birnin ya zarce yuro 10.000, fiye da sefa miliyan shida da rabi.

Shi kansa keken yana da nasa ƙofa. A 2007 an shar'anta katin banki da za a iya cire jinginar yuro 150 daga cikinsa, kusan jikka 100. Banki kuma yakan nemi shaidar adireshi kafin ya buɗe wa mutum asusu, mai gida shi ma yana son ganin asusu kafin ya ba da adireshi. Baƙon da ya fi kowa bukatar abin hawa mai arha shi ne ke daɗewa yana zagaya wannan da'ira.

Babban abin lura yana cikin taswira. Mutum miliyan biyu da ƴan kai ke kwana cikin Paris, alhali yankin da ke kewaye da shi, har da birnin, ya kai mutum miliyan 12. Tsakanin su akwai babbar hanyar zobe mai tsawon kilomita 35 da aka kammala a 1973, wadda ta zama kamar ganuwa. Da aka faɗaɗa Vélib' a 2009, garuruwa 30 na maƙwabta kawai ya shiga, kuma bisa hukuncin kotu bai wuce kilomita ɗaya da rabi daga iyakar birnin ba. An ƙara faɗaɗa shi a 2018, amma har yanzu inda tashoshi suka fi yawa nan ne haya ta fi tsada. Masu share asibitoci, da masu wanke-wanke a gidajen abinci, da masu gadi, da yawansu ƴan asalin Mali da Senegal da Kodebuwa, suna kwana nesa, suna kama jirgin ƙasa tun asuba. Garin Clichy-sous-Bois, inda tarzomar Oktoba 2005 ta tashi, kilomita 15 ne kacal daga Paris, amma bai ga jirgin taragu ba sai Disamba 2019, shekara 12 bayan masu tsakiyar birni sun samu kekensu.

Waɗanda suka nace sai sun zauna cikin birni ba tare da hali ba, an ga abin da ya same su. A watan Afrilu 2005 gobara ta kashe mutum 24 a otal ɗin Paris-Opéra inda aka cusa iyalai marasa gida. A watan Agusta na shekarar, wata ta kashe mutum 17 a titin Vincent-Auriol, 14 daga ciki yara ne, iyalan ƴan Afirka ta Yamma.

Me ya sa keke ya yi sauri, gida ya yi nawa? Amsar tana ga siyasa. Keke ana ganin sa, ana ɗaukar hotonsa, kuma an buɗe Vélib' watanni takwas kafin zaɓen magadan gari na Maris 2008, wanda Delanoë ya sake lashewa. Kamfanin talla ne ya ɗauki nauyinsa a madadin allunan tallar birnin, don haka bai taɓa aljihun kowa a fili ba. Gina gidajen talakawa kuwa yana cin shekaru, yana cin fili, yana kuma ɓata wa masu gidaje rai, su ne kuma masu ƙuri'a da faɗa a ji. Dokar SRU ta shekara 2000 ta wajabta wa manyan garuruwa gidaje masu rangwame 20 cikin 100, aka ɗaga zuwa 25 a 2013. Paris ta yi ƙoƙari, ta tashi daga wajen 13 cikin 100 ta haye 20. Amma garin attajirai na Neuilly-sur-Seine, da ke manne da ita, bai kai ko 10 ba. Irinsa sun gwammace biyan tara. Tashoshin keke kuwa akwai su a Neuilly. Ƙayyade kuɗin haya ma an fara shi a 2015, kotu ta soke a 2017, aka dawo da shi a 2019.

Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yamai ta ga rusau na shagunan bakin hanya a 2016, ta ga sababbin otal da tituna kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yuli 2019. Amma malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa suna ƙara ja da baya zuwa bayan gari, inda mai gida ke neman kuɗin watanni kafin shiga, dillali ya karɓi nasa, sauran albashi kuma ya ƙare a faba-faba da taksi, kamar yadda yake ƙarewa a kabu-kabu a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Duk ranar da wani mai riƙe da gari, zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, ya zo da wani sabon abin zamani da ya gano a ƙetare, ya dace ƴan kasuwa da ma'aikata su karɓa da hannu biyu, sannan su tambaye shi: filaye nawa aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi kusa da wurin aikinsu, kuma wace doka ke kare ɗan haya? Allah ya sa masu mulki su riƙa fara gini daga tushe.